Jiragen Saukar Ungulu Masu Ban Mamaki da Jamusawa Suka Gwada Bayan Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba ganin jirgi mai saukar ungulu ya san siffarsa: babbar farfela a ka, ƙarama a wutsiya. Amma tsakanin 1955 da wajen 1970, injiniyoyin Jamus ta Yamma sun ƙera waɗansu da idan ka ga hotonsu sai ka murza ido ka sake dubawa. Akwai mai fiffike ɗaya tal. Akwai wanda ake naɗewa a zuba a akwati a ja shi da mota. Akwai wanda fikafikansa ke karyewa a tsakiya yana cikin tafiya, kuma da gangan aka yi shi haka. Har da wanda aka ƙera da niyyar kada ya taɓa rabuwa da ƙasa. Ga tambayoyin da suka fi zuwa bakin mutum idan ya fara cin karo da waɗannan jirage.

Me ya sa labarin ya fara daga 1955, alhali an gama yaƙi tun 1945?

Domin ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi sun haramta mata ƙera jirgin sama, kowane iri. Shekara goma cur aka yi a haka. A 1951 an ɗan sassauta, aka yarda a riƙa tashi da jirage marasa inji, waɗanda iska ce kawai ke ɗaukarsu, amma takunkumin bai tashi gaba ɗaya ba sai a watan Mayun 1955, lokacin da Jamus ta Yamma ta karɓi ragamar mulkin kanta.

A cikin waɗannan shekaru manyan kamfanonin jirage sun koma neman abin kai wa baki. Messerschmitt, wanda jiragensa na yaƙi suka cika sararin Turai, ya koma yin keken ɗinki da 'yar mitsitsiyar mota mai ƙafa uku. Heinkel ya koma ƙera babur. Dornier ya shiga yin injinan saƙa, sannan ya buɗe ofishin zane a Sifen don kada hannun ma'aikatansa ya mutu.

Kafin nan Jamusawa sun iya wannan sana'a ne, ko koyo suka fara?

Su ne ma a gaba. Jirgin Henrich Focke mai suna Fw 61, wanda ya fara tashi ranar 26 ga Yunin 1936 da matuƙi Ewald Rohlfs, shi ne mutane da yawa ke ɗauka a matsayin helikwafta na farko da matuƙi ke iya juya shi yadda ya ga dama. Farfela biyu gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A watan Fabrairun 1938 matuƙiya Hanna Reitsch ta tashi da shi a cikin rufaffen zauren Deutschlandhalle da ke Berlin, jama'a na zaune suna kallo. A lokacin yaƙi kuma an yi babban Fa 223 na Focke, da Fl 282 na Anton Flettner mai farfela biyu da ke ratsa juna kamar yatsun hannu ba tare da sun yi karo ba. Fa 223 ɗin nan ne helikwafta na farko da ya tsallake mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, a watan Satumban 1945, lokacin da Ingilishi suka kwashe shi a matsayin ganima.

To ina waɗannan masana suka shige a shekarun haramci?

Rabon su aka yi kamar naman layya. Flettner ya tafi Amurka, kuma tsarinsa na farfela masu ratsa juna shi ne aka sani daga baya a jiragen kamfanin Kaman. Akwai wata ƙaramar tawaga ta mutanen Ostiriya ƙarƙashin Friedrich von Doblhoff, waɗanda suka gwada juya farfela da hucin da ke fita daga bakin fikafikai. Su uku, ƙasa uku: Doblhoff ya tafi kamfanin McDonnell a Amurka, August Stepan ya tafi Fairey a Ingila, Theodor Laufer ya tafi Faransa, inda aikinsa ya shiga cikin wani ƙaramin jirgi da Faransawa suka raɗa wa suna Djinn, wato aljani. Riƙe sunan Laufer, za mu sake haɗuwa da shi.

Shi kuwa Focke, ya fara yi wa Faransawa aiki, daga baya a farkon shekarun 1950 ya wuce Brazil, can garin São José dos Campos, inda ya jagoranci zanen wani ƙaramin helikwafta mai suna Beija-Flor. Ya komo gida a 1956.

Da aka ɗage takunkumi, me ya hana su kwaikwayi na Amurka su huta?

Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A 1955 Sikorsky da Bell sun riga sun sayar da jirage masu yawa, sun gwada su a yaƙin Koriya, suna da masana'antu da masu saye. Faransa na gab da fito da nata helikwaftan, Alouette II. Bajamushe ya ƙera irin nasu, wa zai saya? Ba shi da kuɗinsu, ba shi da kasuwarsu. Abin da ya rage masa shi ne ya nemo inda helikwafta ke da rauni, ya ce zai gyara. Idan ka fahimci raunin, duk waɗannan siffofi na ban mamaki sai su daina zama abin mamaki, su zama amsoshi.

Rauni na farko, duk wanda ya taɓa riƙe injin huda ƙarfe ya san shi. Idan bakin ya cije, sai ka ji injin yana neman murɗe maka hannu ta ɗaya ɓangaren. Haka helikwafta yake: inji na juya farfela dama, gangar jiki na neman juyawa hagu. Aikin ƙaramar farfelar wutsiya ke nan, ta riƙe jikin kada ya yi ta katantanwa. Amma tana cin ƙarfin inji ba tare da ta ɗaga komai ba, tana buƙatar doguwar sandar ƙarfe da giya, kuma mugun abu ce ga wanda ke tsaye a ƙasa.

Na biyu, rashin gudu. Na uku, tsada da yawan tarkace a kan farfela: gaɓoɓi, boris, abin shan girgiza, kowanne yana son mai da dubawa. Kusan kowane jirgi da za mu ambata a nan, ɗaya daga cikin waɗannan uku yake faɗa da shi.

Gaskiya ne kamfanin mota ne ya fara ƙera helikwafta a Jamus bayan yaƙi?

Gaskiya ne. Carl Borgward na birnin Bremen, mai motar nan Isabella, shi ya ɗauki Focke da ya dawo daga Brazil. Jirgin da suka yi mai kujera uku ne, da injin Lycoming na Amurka, ya fara tashi a watan Yulin 1958. Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne matuƙin: Ewald Rohlfs ne, shi dai wanda ya ɗaga Fw 61 shekara 22 da suka wuce. Wutsiyarsa ta rabu biyu ta yi sama kamar gwafa, kowane reshe da 'yar farfelarsa.

Sun kira shi Kolibri, sunan ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure da ke iya tsayawa cak a iska. Sunan da Flettner ya ba nasa ke nan a lokacin yaƙi, kuma Beija-Flor na Brazil ma sunan wannan tsuntsu ne da harshen Fotugis. Guda biyu kawai aka ƙera. A 1961 kamfanin Borgward ya durƙushe saboda matsalar kuɗi a ɓangaren motoci, sai aikin jirgin ya bi shi. Ba laifin jirgin ba ne.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta yaya fiffike ɗaya zai ɗauki jirgi?

Ka tuna jigon ban-ruwa a fadama: doguwar sanda, guga a wannan kai, curin laka ko dutse a gajeren kai, nauyi ya daidaita. Haka farfelar kamfanin Bölkow take. Dogon fiffike ɗaya a gefe guda, guntun ƙarfe mai nauyi a ɗaya gefen, don idan tana juyawa kada ta fizge sandar. Abin da ke ɗaga jirgi shi ne yawan iskar da farfela ke turawa ƙasa a faɗin da'irar da take zagayawa. Fiffike ɗaya ma yana share wannan da'ira. Ribar ita ce sauƙi: fiffike ɗaya za ka ƙera, kan farfelar ma ba ya buƙatar tarkace. Hasarar kuwa, kana ɗauke da curin nauyi da ba ya ɗaga komai, ga girgiza, domin ɗagawar na zuwa ne daga gefe ɗaya tana zagayawa.

Ludwig Bölkow, wanda ya yi aiki a Messerschmitt lokacin yaƙi, ya buɗe ƙaramin ofishin injiniya a Stuttgart a 1948, daga baya ya koma Ottobrunn kusa da Munich. Abin da ya fara yi da wannan farfela shi ne Bo 102, kuma shi ne wanda ba ya rabuwa da ƙasa. Helikwafta ne sosai, da inji da farfela da sandunan tuƙi da kujera ɗaya, amma an ɗaure shi a kan wani gindi mai juyawa. Ɗalibi zai hau, ya tayar da inji, ya ji jirgin ya yi sauƙi a ƙarƙashinsa, ya ɗan ɗaga, ya karkata, ya juya dama da hagu. Idan ya yi kuskure, ba ya faɗowa daga ko'ina. Wanda ya san yadda koyon tsayawa wuri ɗaya a iska ke wahalar da sabon matuƙi, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da aikinsa a lokaci guda, zai gane darajar wannan abu a zamanin da babu kwamfutar koyon tuƙi. An ƙera guda 18.

Daga nan suka kwance masa ɗauri, suka ƙara masa ƙarfi, ya zama Bo 103, wanda ya tashi a watan Satumban 1961. Guda ɗaya aka yi, sojoji ba su nuna sha'awar jirgi mai kujera ɗaya ba. Amma a lura da abin da aka yi fiffiken da shi: ba ƙarfe ba ne, ba katako ba ne, faiba ce, wato zaren gilashi da aka daskarar da shi cikin roba. Bölkow ya san wannan abu daga masu jirage marasa inji, waɗanda aka fara sakar wa mara tun 1951. Phönix, jirgi mara inji na farko da aka yi da faiba, a Stuttgart aka ƙera shi, ya tashi a 1957, kuma kamfanin Bölkow ne ya ci gaba da ƙera shi don sayarwa.

Wane ne wanda ake naɗewa a sa a akwati?

Dornier Do 32, kuma a wurina shi ne mafi daɗin kallo a cikinsu. Ya fara tashi ranar 29 ga Yunin 1962. Ka ɗauka mota ta ja wata 'yar tirela da tsawonta bai kai mita huɗu ba, ta tsaya a bakin daji. A buɗe gefunan akwatin su kwanta, su zama dandamali. A miƙe ƙafafu uku, a tayar da sandar farfela tsaye, a ware fikafikai biyu da aka naɗe. Cikin 'yan mintuna mutum ɗaya ya hau kujera a fili, babu gilashi babu ƙofa, inji na bayansa, ya tashi daga kan akwatin da aka kawo shi a ciki. Nauyinsa ba tare da mai da matuƙi ba bai kai kilo 200 ba.

Sirrin sauƙinsa shi ne babu giya tsakanin inji da farfela ko kaɗan. Ƙaramin injin tabain na BMW, wato dangin injin jirgin jet, shi ne ke juya kwamfireso, irin aikin da na mai faci ke yi amma da ƙarfi ninki-ba-ninki. Iskar da aka matse sai ta bi bututu ta hau sandar farfela, ta ratsa cikin fikafikan da ke da rami, ta fita ta 'yan ƙofofi a can ƙarshensu tana kallon baya. Wannan fitar ce ke tura fiffike gaba, kamar yadda tiyo ke wutsil-wutsil idan ka sake shi ruwa na fita da ƙarfi. Tunda ba inji ne ke murɗa sandar ba, babu abin da ke murɗa gangar jiki. Saboda haka babu farfelar wutsiya. Idan matuƙi na son juya fuska, hucin da injin ke fitarwa ta baya ne ke bugun wani ɗan faranti, ya karkata shi.

Idan wannan ya yi maka kama da Djinn na Faransa, ba ka yi kuskure ba. Theodor Laufer ya baro Faransa ya shiga Dornier, ya taho da abin da ya sani. An nuna Do 32 a bikin baje kolin jiragen sama na Paris a 1963. Guda uku aka ƙera.

Idan dabarar ta yi kyau haka, me ya sa ba ma ganinta a jiragen yau?

Mai. Matse iska, a tura ta cikin dogon bututu mai lanƙwasa, a sake ta ta ƙaramar ƙofa, hanya ce da ƙarfi mai yawa ke zubewa. Giyar ƙarfe kusan duk abin da inji ya ba ta take miƙa wa farfela, iska kuwa sai ta cinye babban kaso a hanya. Sakamakon haka, jirgin ba ya nisa kuma ba ya daɗewa a sama. Sannan fiffike dole ya yi kauri don bututu ya samu wuri, kauri kuma yana rage masa iya yanka iska. Idan ka ce za ka ƙona mai a bakin fiffiken don ƙarin ƙarfi, sai ƙara ta zama bala'i. Ƙara tana cikin abubuwan da aka riƙa kuka da su game da jirgin Rotodyne na Ingila, mai ƙona mai a bakin fiffike, wanda aka soke a 1962.

Dornier bai saduda da wuri ba. Ya zana babba mai kujera biyar, Do 132, wanda zai yi amfani da zazzafan huci a maimakon iska mai sanyi, amma an soke aikin a farkon shekarun 1970. Kamfanin VFW na Bremen ma ya gwada wata hanya da H3: iska ta juya farfela lokacin tashi da sauka, idan an kama hanya sai a mayar da ƙarfin ga fanka biyu da ke gefen jiki, farfela ta ci gaba da juyawa da iskar tafiya kawai. Shi ma bai wuce gwaji ba.

Shi ke nan Do 32 ya mutu?

A'a, ya rikiɗe. Tunda matsalarsa shan mai ce, sai suka yi tunani: a cire matuƙi, a bar tankin mai a ƙasa. Daga nan aka samu Kiebitz, sunan wani tsuntsu dangin zakaran ƙeƙuwa. Farfela ce da inji kawai, ɗaure da igiya mai tsawon kusan mita 300 daga kan babbar motar soja. Ta cikin igiyar ake tura masa mai, ta cikinta saƙo ke hawa da sauka. Yana iya tsayawa a sama awanni da yawa, ɗauke da na'urar rada, yana hango abin da ke motsi a bayan tudu. An gwada shi tare da Faransawa a shekarun 1970, ba a kai ga saye ba. Yau da ake ɗaure ƙananan jirage marasa matuƙi da wayar lantarki don gadi da sa ido, tunanin ɗaya ne, sai dai batir da lantarki sun maye gurbin kananzir.

Me ke hana helikwafta gudu, kuma yaya Bo 46 ya so ya warware?

A nan sai an ɗan natsu. Idan jirgi na tsaye wuri ɗaya, kowane fiffike iska ɗaya yake sha. Amma da zarar ya kama tafiya, sai a samu bambanci. Fiffiken da ke zagayowa gaba, gudunsa ya haɗu da gudun jirgi. Wanda ke komawa baya kuwa, sai an debe gudun jirgi daga nasa. Kamar mutum biyu ne a kan rufin jirgin ƙasa, ɗaya na gudu yana fuskantar iska, ɗaya na gudu yana ba ta baya. Yayin da jirgi ke ƙara sauri, bakin fiffiken gaba yana kusantar gudun sauti, inda iska ke zama kamar bango, ga jijjiga ga ja baya. Na bayan kuma iska ta yi masa kaɗan har ya kasa ɗaga rabonsa, jirgi ya nemi kifewa ta gefensa. Rage juyin farfela ka ceci na gaba, ka kashe na baya. Ƙara juyi, ka ceci na baya ka kashe na gaba. Wannan ne ya sa har yau helikwafta na gargajiya ba ya wuce wani iyaka. Bajintar da Lynx na Ingila ya kafa a 1986, kilomita 400 da ɗan kai a awa, ta daɗe ba a karya ba.

Injiniya Hans Derschmidt na Bölkow ya kawo wata shawara mai ƙarfin hali. Ya ce a sa wa kowane fiffike gwiwa a wajen tsakiyarsa. Idan fiffike ya zo gefen da yake fuskantar iska, sai rabinsa na waje ya lanƙwashe ya ja baya, bakinsa ya rage gudu. Idan ya zagayo gefen da yake komawa, sai ya watso gaba kamar bulala, ya ƙara gudu. Wato a kowane zagaye ɗaya, kowane fiffike zai yi lilo sau ɗaya, gaba da baya, kusan digiri 40 kowane gefe. A lissafi, wannan zai iya kai jirgi wajen kilomita 500 a awa.

Ma'aikatar tsaro ta ba da kwangila, aka ƙera Bo 46 mai fikafikai biyar da injin Turbomeca na Faransa, ya fara tashi a ƙarshen Janairun 1964. Ya tashi kam, amma ka yi tunanin fikafikai biyar masu nauyi, kowanne na lilo da ƙarfi sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya, dole kuma lilonsu ya tafi daidai ba saɓani. Nauyin da ke faɗa wa gaɓoɓin ya yi yawa, kan farfelar ya cika tarkace, tuƙin ya yi nauyi. Bai kusanci gudun da aka yi fata ba, aka dakatar da aikin. An ƙera uku. Ni dai ina ganin girman wannan gwaji, domin sun bi tunanin har ƙarshensa da ƙarfe da mai da ran matuƙi, ba a takarda kawai ba, suka ga inda ya tsaya.

Akwai ƙananan kamfanoni da suka shiga wannan fage?

Akwai. Josef Wagner na yankin Friedrichshafen, wanda aka fi sani da injin feshin fenti, ya zuba kuɗinsa a kan farfela biyu a sanda ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa saɓanin juna, murɗar wannan ta kashe ta wancan. Ya fara da mafarkin Rotocar, jirgin da zai sauka ya hau titi kamar mota, daga baya ya koma Sky-Trac, wanda aka nufa da aikin gona da ɗaukar kaya, ya tashi a tsakiyar shekarun 1960. Tsarin yana aiki, kamfanin Kamov na Tarayyar Sobiyet ya rayu a kansa, amma Wagner bai samu kasuwa ba.

Sai Karl Erwin Merckle na garin Oedheim, wanda SM 67 nasa, da ya tashi a 1959, shi ne helikwafta na farko mai injin tabain da aka ƙera a Jamus. Shi siffarsa ba ta da wani abin mamaki, kuma nan ne matsalarsa: ya yi kama da Alouette II, har injinsu iri ɗaya, ga shi Alouette na nan a shirye.

Me ya sa sojojin Jamus ba su rungumi waɗannan jirage ba?

An kafa sabuwar rundunar Jamus ta Yamma a ƙarshen 1955, a tsakiyar zaman ɗar-ɗar da Tarayyar Sobiyet. Jirage take so yau, ba bayan shekara takwas na gwaji ba. Sai ta sayo Alouette II daga Faransa, Sikorsky H-34 da Vertol H-21 daga Amurka, Sycamore daga Ingila. Gwamnati ta riƙa ba kamfanonin gida kuɗin bincike don su farfaɗo, amma kuɗin saye yana fita waje. Daga baya ma Dornier da kansa ya koma haɗa Bell UH-1D na Amurka bisa lasisi, sama da guda 300.

A cikin duk wannan, akwai abin da ya yi nasara?

Akwai, kuma daga inda ba a zata ba ya fito. Ba gudun Bo 46 ba, ba akwatin Do 32 ba. Fiffiken faiba ne, wanda aka fara ɗaura wa injin koyon tuƙin nan da ba ya barin ƙasa.

Ɗaya daga cikin dalilan sa gaɓoɓi a kan farfela shi ne fiffiken ƙarfe ba ya jure lanƙwasa sama da ƙasa dubban ɗaruruwan lokuta, sai ya gaji ya tsage. Faiba kuwa tana lanƙwasawa ta dawo kamar gora, ba ta gajiya da wuri. Sai injiniya Emil Weiland da abokan aikinsa suka ce, tunda fiffiken da kansa zai iya lanƙwasawa, a cire gaɓoɓin. Suka yi kan farfela da dunƙulen ƙarfen titaniyam, suka kafa masa fikafikai huɗu na faiba, abin da ya rage yana motsi shi ne wanda ke karkata fiffike kawai. Wato kamfanin da ya ƙara wa fiffike gwiwa a Bo 46, shi ne ya juya ya cire har waɗanda kowa ke sawa.

Wannan shi ne Bo 105. Samfurin farko ya hallaka tun a ƙasa, girgiza ta wargaza shi lokacin gwaji. Na biyu ya tashi ranar 16 ga Fabrairun 1967 a Ottobrunn, da matuƙi Wilfried von Engelhardt. Ƙarami ne amma inji biyu gare shi, abin da ba a saba gani a jirgi mai wannan girma ba a lokacin, kuma yana amsa hannun matuƙi nan take, har yana iya yin alkafura a sama. An ƙera sama da 1,500. A watan Nuwamban 1970 aka ajiye ɗaya a Munich da sunan Christoph 1, yana kai likita wurin haɗarin mota, kuma daga nan tsarin ceto ta sama na Jamus ya bazu. Kamfanin Bölkow ya zama MBB, sashensa na helikwafta ya haɗu da na Faransa a 1992 aka samu Eurocopter, wanda yau ake kira Airbus Helicopters. H135 da H145 da ake haɗawa a garin Donauwörth jikokin wannan farfela ne.

Jamus ta Gabas fa?

Ita jirgin fasinja ta sa a gaba, Baade 152 da aka ƙera a Dresden. Samfurin farko ya faɗi a watan Maris na 1959, a 1961 gwamnati ta rufe harkar ƙera jirage. Helikwaftocinta daga Tarayyar Sobiyet da Foland take samu.

Wannan labari ya taɓa mu ta wani gefe?

Ya taɓa. Lokacin da Najeriya ke kafa rundunar sojin samanta a farkon shekarun 1960, Jamus ta Yamma ce ta turo masu horarwa, kuma shugaban rundunar na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Daga baya rundunar ta sayi Bo 105 ta yi aiki da shi shekaru. Sunan Dornier kuma ba baƙo ba ne a Kaduna, inda aka daɗe ana gyaran jirage ƙarƙashin wannan suna, har aka haɗa ƙaramin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle.

Idan mutum ya samu zuwa Jamus, ina zai gan su da idonsa?

Gani ya kori ji. Garin Bückeburg, yamma da Hannover, yana da gidan tarihi na helikwafta zalla, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970 kusa da makarantar matuƙan sojan ƙasa. Can ne za ka tarar da Bo 46 da Bo 103 da SM 67. Idan ka je, ka tsaya ƙarƙashin farfelar Bo 46 ka ɗaga kai ka dubi gwiwar nan da tarkacen da ke riƙe da ita, sannan ka taka zuwa Bo 105 ka dubi nasa kan. Do 32 kuma yana cikin kayan Deutsches Museum na Munich.

Wanda ya biya ta Bremen, akwai wani ɗan wuri a bayan gidaje kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Bayan rushewar Borgward, Focke, yana da shekara sama da 70, ya gina ƙaramin ɗakin gwajin iska da kuɗin aljihunsa, ya ci gaba da bincike a kan yadda jirgi ke tafiya a hankali ba tare da ya faɗi ba. Ya rasu a 1979, ɗakin ya zauna a rufe har aka manta da shi, sai a 1997 wani ɗalibin injiniya ya gano shi. Daga baya aka gyara shi, aka buɗe shi ga baƙi.